Daren da raɓa za ta daskare: me za a tsinke, me za a rufe, me za a bari?

Wata baiwar Allah da ta baro Kano shekara biyu da suka wuce, yanzu tana zaune da iyalinta a Kolumbus ta jihar Ohayo a Amurka, ta aiko da tambaya. Bana ne ta fara lambu a bayan gida. Ta shuka tumatir, attaruhu, tattasai, kuɓewa, yakuwa, alayyahu, gauta, kabewa, ɗan dankalin Hausa, kabeji da karas, ga kuma zogale a tukunya. Komai ya yi kyau, sai ga maƙwabta sun fara ce mata ta shirya, sanyi ya kusa cinye mata lambu. Ta ce ita dai a iya saninta da sanyi ake yin lambu, to me ya kamata ta yi, kuma yaushe?

Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka. Abin da kika sani gaskiya ne, amma gaskiyar gida ce. A can, sanyi abokin mai lambu ne. Tumatirin Kadawa da na Ɗanja da alkamar noman rani duk a cikin hunturu suke yin ƙiba, don sanyin Kano ko a Janairu ba ya kai ruwa ga daskarewa. Mutum ne ke karkarwa, ya nemi kaskon wuta, tumatir kuwa yana jin daɗinsa. A nan Ohayo akwai wani dare guda da ke zuwa kowace shekara, galibi daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshensa a cikin Kolumbus, a bayan gari kuma yakan riga haka da mako ɗaya ko biyu. A wannan daren ruwan da ke cikin ganye yake zama ƙanƙara. Kusan duk abin da kika lissafa na miyar gida, daren nan ne ajalinsa.

Ganyen tumatir da na kuɓewa kusan duk ruwa ne. In sanyin jikin ganyen ya sauka ƙasa da digiri 0 na Selsiyos, wato 32 na Faranhait da ake aiki da shi a ƙasar nan, sai ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin ganyen ya daskare, ƙanƙarar ta riƙa zuƙo ruwan cikin ƙwayoyin tana yayyaga su. Da asuba ba za ki ga wani abin tashin hankali ba, sai ɗan fari-fari kamar an barbaɗa gishiri. Rana na fitowa ƙanƙarar ta narke, sai ki ga ganye ya yi laƙwas, ya yi duhu kamar ramar da aka dafa za a yi kwaɗo. Kafin azahar ya yi baƙi. Babu ruwa ko taki da zai dawo da shi.

Ni kaina da haka na koya. Shekarata ta farko a nan, da takardar aikin gona daga Samaru a cikin jakata, na yi kwana biyu ina fargaba saboda ana iska mai sanyi da hadari, ina leƙa tumatir ina ganin lafiya lau. A rana ta uku iska ta kwanta, gari ya waye tas, rana ta fito har na cire rigar sanyi. Da daddare na fita zubar da shara na ga taurari fes, ko ganye ba ya motsi, na ce alhamdu lillahi sanyin ya wuce, na kwanta. Da safe na fito zan tafi aiki na tarar da gilashin mota ya yi fari fat, sai an kankare. Na zaga baya. Kuɓewa goma sha biyu a tsaye kamar sanduna, ganyensu a rataye. Wani tsoho maƙwabcina yana ta ninke tsofaffin zannuwan gado da ya lulluɓe barkononsa da su tun jiya da yamma, ya dube ni ta kan shinge ya girgiza kai kawai.

Kuskurena shi ne na auna abin da ma'aunin hunturu. Mu mun saba sanyi yana zuwa da iska da hazo. A nan daren da ya fi haɗari shi ne wanda ya fi kyau a ido. Duk yini ƙasa tana shan zafin rana, da dare kuma tana sakinsa sama. In akwai gajimare, sukan tare zafin su mayar da shi ƙasa, kamar bargo. In akwai iska, takan gauraya iskar sama mai ɗan ɗumi da ta ƙasa mai sanyi. In babu gajimare, babu iska, kuma iskar a bushe take, zafin sai ya yi ta tsiyayewa har wayewar gari, iska mafi sanyi kuma ta kwanta a ƙasa daidai inda shukarki take. Lokacin da sanyin ya fi tsanani ba tsakar dare ba ne, daf da fitowar rana ne, bayan kin idar da sallar asuba.

Saboda haka kada ki jira wayarki ta nuna 32. Lambar da ake bayarwa a hasashen yanayi ta iskar da ke kusan tsayin ƙirjin mutum ce, ganyen da ke kusa da ƙasa kuwa yakan fi wannan sanyi da digiri uku ko huɗu. Shi ya sa hukumar hasashen yanayi ta Amurka take fitar da gargaɗin daskararriyar raɓa tun daga 33 zuwa 36, in daren zai kasance babu iska babu gajimare. Gargaɗi na biyu, mai nauyi, na 32 zuwa ƙasa ne. In kuwa aka ce za a kai 28, wato kusan 2 ƙasa da sifili a Selsiyos, na tsawon sa'o'i, wannan shi ne mai rufe kakar kayan zafi gaba ɗaya. Ni dai daga farkon Oktoba kullum bayan la'asar nakan duba lambar mafi ƙarancin daren. In na ga 38 ko ƙasa da haka kuma sama a wanke take, sai in fara fito da zannuwa. Ki sayi ɗan ma'aunin zafi mai arha ki rataye shi a cikin lambun, daidai tsayin shuka. Kwana huɗu kina kwatanta shi da na waya za ki gane bambancin gidanki da na sauran gari, don kowane gida da nasa. Iska mai sanyi tana da nauyi, tana gangarawa kamar ruwa, ta taru a kwari ko a gindin shinge. Fangalin da ke jikin bangon bulo mai kallon kudu yakan tsira a daren da na ƙarshen fili ya ƙone.

Af, wata lamba da za ki ji ana yawan ambata: shiyya ta 6. Wannan daga taswirar ma'aikatar gona ta Amurka ce, wadda aka sabunta a 2023, kuma tana magana ne a kan tsananin sanyin tsakiyar hunturu, don sanin itacen da zai iya rayuwa. Ba ta gaya miki ranar da raɓa za ta fara daskarewa. Kada ta ruɗe ki.

To, me za a yi? Shawarata, kada ki ce sai kin ceci komai. Wanda ya ce zai lulluɓe lambu duka a yammaci ɗaya, ƙarshe sai ya lulluɓe shi rabi da rabi, ya rasa duka. Ki shiga lambun tun yanzu, kafin a yi gargaɗi, ki raba shi gida uku a ranki: waɗanda za ki kwashe ki haƙura da su, waɗanda suka cancanci a yi musu wahalar rufi, da waɗanda ba sa buƙatarki.

Kuɓewa tana cikin na farko, kuma na san ita ce za ta fi yi miki ciwo. Kada ki ɓata zani a kanta. Tun lokacin da dare ya fara sauka ƙasa da 50, wato digiri 10 na Selsiyos, ta riga ta daina aiki. In kin lura furenta ya ragu, 'ya'yan kuma suna kwana da kwanaki ba su ƙara tsawo ba. Ko kin tsallakar da ita wannan daren, ba wani abin kirki za ta ƙara miki ba. Ki tsinke duk mai taushi. Waɗanda suka ƙosa suka bushe a jiki, har in kin girgiza kina jin iri yana kacau-kacau, ki yanke su don iri. Waɗanda suka yi tauri amma ba su bushe ba, ki sare su da karansu ki rataye a gareji su ƙarasa. Sai dai wajen busarwa ki yi hattara: kakar Ohayo ba ta da busasshiyar iskar gida. In kika yanka kuɓewa kika baza a tire kika ajiye a baranda, funfuna za ta riga ki. Ko dai injin busar da abinci, ko tanda a wuta mafi ƙanƙanta da ƙofa a ɗan buɗe, ko kuma ki yayyanka ki zuba a firiza, wanda shi ya fi sauƙi kuma yauƙin ba ya tafiya.

Alayyahu da ganyen yakuwa, da lalo ko rama in kina da su, duk a yanke su tas a ranar da aka yi gargaɗi. Ki tsoma a tafasasshen ruwa minti biyu, ki tsame zuwa ruwan sanyi, ki matse, ki dunƙula gwargwadon miya ɗaya-ɗaya ki sa a firiza. Gauta ma ki tsinke duka, har da ƙanana.

Game da yakuwa akwai abin da nake zaton kin riga kin fara mamaki a kansa, ko da ba ki tambaya ba: ta yi tsayi ta fi ki, ganye ya yi yabanya, amma zoɓo shiru. Ba laifin takinki ba ne. Yakuwa tana ƙidayar tsawon yini. Ba ta fure sai yini ya gajarta ya kusanci awa 12. Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, yini da dare ba su da nisa da juna duk shekara. Kolumbus tana kan 40, a watan Yuni yini yakan kai awa 15, kuma ba ya dawowa 12 sai ƙarshen Satumba. Sai ta fara fure, kafin zoɓon ya yi nama sanyi ya iso. In kin ga ƙananan zoɓo sun fito, za ki iya lulluɓe gindi ɗaya ko biyu ki ga abin da Allah zai yi, amma kada ki sa rai da gurguzu. Akwai wani iri da ake kira Thai Red, wanda ke fure tun tsakiyar lokacin zafi. Shi ne ke ba da zoɓo a irin wannan wuri. Irin gida kuwa ki shuka shi don ganye, ki huta da ɓacin rai.

Dankalin Hausa shi ma kada ki jira. Mutane sukan ɗauka tunda yana cikin ƙasa ba abin da zai same shi, alhali sanyin ƙasa kaɗai yana lalata shi tun ba a kai ga daskarewa ba. In ƙasa ta sauka ƙasa da digiri 55 na Faranhait, kusan 13 na Selsiyos, ta daɗe a haka, sai ya fara lalacewa daga ciki, ba ya ajiyuwa. Ki haƙe shi kafin daren. In kuma daren ya riga ki, yaɗon ya yi baƙi, ki yanke yaɗon da safen nan ki haƙe cikin kwana ɗaya ko biyu. Ki fara haƙa daga nesa da gindi, fatarsa a lokacin kamar ta jariri take. Kada ki wanke. Ki ajiye shi wuri mai ɗumi da ɗan laima, kusa da 85 na Faranhait in zai samu, na kamar mako guda zuwa kwana 10; a nan raunukansa suke warkewa, zaƙinsa ya fito. Ni nakan sa nawa a kwali kusa da tukunyar ɗumama gida, in ɗora ɗan jiƙaƙƙen tawul a kai. Bayan nan ya koma wuri mai ɗan sanyi, amma ban da firji.

Kabewa ki danna mata farce. In bai shiga ba ta ƙosa. Ki yanke ta da wuƙa ki bar mata hannu kamar tsawon ɗan yatsa, kada kuma yara su ɗauke ta ta hannun, don in ya ɓalle daga nan ruɓa ke shiga. Wadda ƙanƙara ta taɓa fatarta a fara cinye ta.

Tumatir ne ke da dogon bayani, don yana tsakanin gida na farko da na biyu. Duk wanda ya fara sauya launi, ko da ɗan ja ne a ƙasansa, ki tsinke shi yau, zai ƙarasa nuna a ɗaki ba tare da ya rasa komai ba. Kore kuma iri biyu ne. Akwai wanda ya ƙosa: ya kai girmansa, korensa ya koɗe ya yi haske, fatar tana sheƙi. Akwai kuma ɗanye shar mai duhun kore. In kina shakka ki yanka guda ɗaya. In kin ga ruwa mai kauri ya kewaye irin, wuƙa kuma tana zamewa ta gefensa ba ta raba shi, to shi da sa'o'insa za su nuna a ɗaki. In cikin a bushe yake, wuƙa ta yanka irin biyu, wannan ba zai taɓa nuna ba, sai dai a soya ko a jefa a miya haka nan. Waɗanda suka ƙosa ki jera su a kwali, layi ɗaya, kada su hau juna, ki rufe da jarida. Ba sa buƙatar rana. Jera su a taga da ake yi al'ada ce kawai. Abin da ke nunar da su wata iska ce da su kansu suke fitarwa, wadda ayaba da tuffa ma ke fitarwa, shi ya sa in kin jefa ayaba ɗaya a kwalin sai su yi sauri. A ɗaki mai digiri 65 zuwa 70 kamar mako biyu suke yi. In kin ajiye wani kwalin a wuri mai kusan 55, zai ja lokaci, sai ki yi ta cin tumatirinki har Disamba. Ƙasa da 50 kuwa ɗanɗanon ke mutuwa. Ki riƙa dubawa duk bayan kwana biyu, guda ɗaya in ya ruɓe yakan ja maƙwabtansa.

To shin a lulluɓe gindin tumatir? Ki duba hasashen mako mai zuwa. Sau da yawa a Ohayo daren farko shi kaɗai yake zuwa, ko su biyu, daga nan a sake samun mako biyu ko uku na ɗumi mai daɗi. In haka hasashen ya nuna, kuma gindin yana da lafiya, cike da 'ya'yan da suka kusa ƙosawa, to ya cancanci zani. In ganyen ya riga ya cika da ɗigon cuta ya bushe daga ƙasa, kamar yadda yawancin tumatir ke yi a nan zuwa Oktoba, ki kwashe 'ya'yan ki sallame shi.

Wanda nake kashe wa mafi kyawun barguna shi ne attaruhu. Yana da nawa, sai ƙarshen kaka yake cika da 'ya'ya, kuma waɗannan makonni biyu ko uku na bayan daren farko su ne ke mayar da korensa ja. Ga shi gajere, rufe shi ba wuya. Tattasai ma haka. In kuwa 28 aka ce, ki tsinke duka, kore da ja, ki wanke ki tsane ki zuba a firiza ɗungurungum, ba sai an tafasa ba.

Yanzu rufin kansa. Zani ba ya ƙirƙirar zafi. Aikinsa ya tare ɗumin da ƙasa ke saki kada ya tsere. In kin riƙe wannan, sauran duk za ki iya gano su da kanki. Dole rufin ya sauka har ƙasa ta kowane gefe, kamar bukka, a danne bakinsa da bulo ko duwatsu. Wanda ya naɗe kan shuka ya ɗaure a wuyanta kamar ɗan kwali ya raba ta da ɗumin ƙasa, bai yi komai ba. Dole kuma a rufe da wuri, tsakanin la'asar da magariba, tun ƙasa ba ta saki zafinta ba. Rufin ƙarfe goma sha ɗaya na dare ya makara da rabi. Ki kafa sanduna ko ki jera kujerun roba don nauyin zanin kada ya karya rassa, musamman in raɓa ta jiƙa shi, ki kama haɗin zannuwan da abin maƙale shanya. Tsohon zanin gado, bargo, labule, buhun algarara, duk suna yi. Ƙananan shuka a kifa musu bokiti ko kwali. A shagunan kayan lambu ana sayar da wani farin yadi maras nauyi, irin na takunkumin fuska. Mai shara-shara yana ƙara kamar digiri 2 zuwa 4 na Faranhait, mai kauri ya kai 6 zuwa 8. Za ki ga kaɗan ne, amma tsakanin 30 da 33 ai nan rai yake.

Leda ita kaɗai kada ki yi amfani da ita. Duk ganyen da ya taɓa leda zai ƙone kamar ba a rufe shi ba. In ana sa ran ruwan sama, zani a ciki, leda ko tampol a waje. Da safe kuma, in rana ta hau, farin ya narke daga ciyawa, ki yaye komai, ki shanya zannuwan su bushe don daren gobe. Shukar da aka manta a ƙarƙashin leda da rana dahuwa take yi.

Ranar da za ki rufe, ki yi ban ruwa da hantsi, a gindi, ba a kan ganye ba. Mutane suna jin wannan kamar wauta, ana gudun ƙanƙara kuma a ƙara ruwa. Amma jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi busasshiya riƙe zafin rana, kuma ta fi sakinsa a hankali cikin dare. Saboda dalilin nan ne ma, in kin baza ciyawa mai kauri a gindin barkono, ki ɗan janye ta da safe ƙasa ta sha rana. Jarkoki biyu ko uku cike da ruwa, su yini a rana, da yamma a tura su ƙarƙashin zanin, suna taimakawa ƙwarai.

Abu biyu zan hana ki. Za ki ji ana cewa manoma a Fulorida suna fesa ruwa a kan shuka don kare ta daga ƙanƙara. Gaskiya ne, amma su suna fesawa ne ba tsayawa tun daga lokacin da sanyi ya sauka har rana ta narkar da shi, da na'urorin da aka auna. Wanda ya fesa da mesa minti goma ya shiga ɗaki ya ƙara wa shukarsa sanyi ne. Na biyu, kaskon gawayi. Na san hannunmu yana saurin kaiwa gare shi. Kada a sa shi ƙarƙashin zani, kada kuma a kunna shi a gareji don ɗumama tukwanen shuka. Gidajen nan a toshe suke ruf, garejin kuma a manne da ɗakunan kwana. Iskar gawayi ba ta da wari, tana kashe mutane a cikin barci. Attaruhu bai kai haka ba.

Zogalen da ke tukunya ki shigar da shi tun kafin daren. Ki tsige ganyen ki busar, ki rage masa tsawo zuwa kamar gwiwa ko ƙugu, ki ajiye a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ko wani wurin da ba ya sauka ƙasa da 50. Zai tsaya kamar busasshen icce har watanni, kada ki tsorata, kada kuma tausayi ya sa ki yi ta ba shi ruwa. Ɗan kaɗan sau ɗaya a wata ya isa, yawancin zogalen da ke mutuwa a ɗaki ruwa ne ke ruɓar da saiwarsa. Haka za ki iya yi wa gindin attaruhu guda da ya fi burge ki: ki haƙo shi, ki datse rassan, ki wanke shi sosai saboda ƙananan ƙwari, ki dasa a tukunya. Ba kowane ke tsallakewa ba, amma wanda ya tsallake zai riga sabon dashe 'ya'ya da makonni.

Kabeji da karas kuwa ki bar su su sha sanyinsu. Daren da zai kashe kuɓewa su gyara su yake yi, don suna tara sukari a jikinsu ya hana ruwansu saurin daskarewa, shi ya sa karas ɗin Nuwamba ya fi na Agusta zaƙi nesa ba kusa ba. Kabeji yana jure har wajen 25, sai ki sare shi in an fara maganar ƙasa da haka. Karas ki tula masa busasshen ganyen itace mai kauri, ki riƙa cira kina ci har ƙasa ta yi tauri. Sai dai kada ki jira su ƙara girma: daga tsakiyar Nuwamba yini a nan ba ya kai awa 10, shuka kuma takan tsaya cik.

In dare mai iska ya zo daga Kanada da sanyi ƙasa da 28, wannan ba ruwansa da zani, kakar ta ƙare. Ki tuge matattun tumatir da barkono da gauta. Masu cuta a jefa a shara, kada su shiga tarin takinki, don cutar tana kwana a cikin busasshen ganye ta tashi baɗi. Ganyen itatuwan da maƙwabta ke cusawa a jaka suna fitarwa bakin titi, ki roƙa, ki baza a kan fangali. Zuwa Afrilu ya fara zama taki. In za ki sa ɗanyen kashin shanu ko na kaji, yanzu ne lokacinsa, ya samu watanni yana ruɓewa kafin a ci abin da zai fito.

Akwai kuma abin da ya fi tumatir tsada in an manta. Ruwa in ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100. Ki ce wa maigida ya cire mesa daga famfon waje, ya tsiyaye ta, ya naɗe. In akwai makunnin wannan famfon a cikin gida ya rufe shi, sannan ya buɗe na wajen ruwan da ya rage ya fita. Mesar da aka bari a maƙale tana riƙe ruwa a cikin bututun, ya daskare ya fasa shi a cikin bango, ba kuma za a sani ba sai ranar da ya narke. Durom ɗin tarar ruwan sama a juye shi, tukwanen yumɓu a zazzage ƙasarsu a kife su a gareji.

Fangali ɗaya dai kada ki rufe shi, ki bar wa tafarnuwa. A gida ma ai da sanyi ake nomanta a Sakkwato da Kano, don sai ta ji sanyi take rabuwa sala-sala. A nan ana binne ta ne bayan wannan daren na farko, daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Ki nemi iri daga masu sayar da kayan lambu, ya fi ta kanti jure hunturun Ohayo. Ki ɓare ki zaɓi manyan sala, kada ki cire musu riga, ki binne kowanne zurfin inci 2, tsinin yana kallon sama, tazarar inci 6 tsakaninsu, ki rufe da busasshen ganye mai kaurin tafin hannu. Za ta yi saiwa kafin ƙasa ta daskare, ta kwana ƙarƙashin dusar ƙanƙara, a Maris ki ga koren tsinkenta ya huda ganyen. A farkon Yuli, in ganyenta na ƙasa uku ko huɗu sun bushe, sai ki haƙa.